Raunin da Na Ɓoye, da Abin da Awon Jini Ya Tona

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, shekaruna sun haura hamsin, ina da mata biyu da 'ya'ya. Labarin da zan bayar irin wanda namiji ba ya faɗa wa ko amininsa ne, don haka ba zan ambaci sunana ko na kowa ba. Wanda ya ga kansa a ciki ya ɗauki abin da zai amfane shi.

A ƙauye na tashi, a ƙasar Funtuwa. Noma muka gada: dawa, masara da auduga. Kafin na kai shekara ashirin ban san mene ne gajiya ba. Mu yi huɗa tun hantsi har azahar, mu sha fura, da yamma in hau keke in tafi cin kasuwar wani gari in dawo. Abincinmu tuwon dawa ne da miyar kuka ko ta yakuwa, nama sai ranar kasuwa ko ranar suna. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ne ya fara barin gona a gidanmu, ya koma sayen auduga. Ya samu rufin asiri, ya yi jiki, ya ajiye tumbi. Wata safiya bayan ya dawo daga masallaci ya yanke jiki ya faɗi a zaure, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce iska ce. Ba wanda ya taɓa auna jininsa tun da aka haife shi.

Bayan rasuwarsa aka kawo ni Kano yaron shago a Kasuwar Singa. Allah ya sa wa abin albarka, na kai ga buɗe nawa shagon, ina sarin sukari, fulawa da taliya. Daga nan jikina ya daina aiki, sai baki da lissafi. Da safe shayi mai kauri da madara da biredi. Da rana shinkafa ta sha mai, a kora da lemon kwalba, in baƙo ya zo a sake buɗe wani. Da dare tuwon shinkafa a gida, sannan in fita majalisa a sayo balangu ko tsire, ba zan kwanta ba sai wajen ƙarfe ɗaya. Tumbi ya fito, wuya ya cika. Duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Alhaji, lallai kuɗi sun zauna." Ni ma daɗi nake ji. A ƙauyenmu kuwa har alfahari ake yi da ni.

Abin ya shigo ne a hankali, shi ya sa ban iya cewa ga ranar da ya fara ba. Da farko kasala ce. Ina zaune a shago bayan azahar sai barci ya kwashe ni, yaran shago suna ƙunshe dariya. Na zama mai saurin fushi, ƙaramin abu sai in hau mutum da faɗa. Hawa bene ɗaya sai na tsaya na huta. Iyalina suka fara ƙorafin minshari, har uwargida ta ce wani lokaci numfashina yakan ɗauke sai ta taɓa ni. Sai kuma babban: sha'awa ta yi ƙasa, abin da lafiyayyen namiji ke gani a jikinsa da asuba ya daina zuwa, in ma an zo ga sunna sai ƙarfi ya gaza a tsakiya.

Mai mata biyu ne kaɗai zai gane nauyin wannan. Kowace tana zaton ɗayar ce ta kwashe rabonta. Uwargida ta yi shiru, amma na ga ta rage walwala. Amarya kuwa, da yake yarinya ce, wata rana ta tare ni da kuka ta ce, "Alhaji, in wani laifi na yi maka ka faɗa mini. In kuma an shiga tsakaninmu ne, a nemi taimako." Ban da amsar da zan ba ta. Na koma daɗewa a majalisa da gangan, don in tarar kowa ta yi barci. Gidan da ba a taɓa jin kanmu ba sai ga shi ana zaman doya da manja, kuma ni na san babu mai laifi a cikinsu.

Da na fara neman magani, duk inda na je amsa ɗaya ce: sanyi ne ya yi maka yawa, ko basir ne ya danne ka, ko dattin mara. Na sha jiƙo da sassaƙe, na sha tsimi a galan wanda aka zuba wa jar kanwa, na sha gari a kunu da a romon kaza. Wani ya ba ni ɓawon itacen da ake kira ɗan Kamaru. In na sha shi zuciyata takan riƙa dukan ƙirjina, gumi ya keto, barci ya ƙaurace, mai maganin ya ce alamar yana aiki ke nan. Daga baya aka haɗa ni da wata zuma a 'yan ƙananan leda masu ƙyalli, da wani kofi da ake cewa na ganye ne zalla. Waɗannan kam sun yi aiki, aiki ma na ban mamaki. Sai dai duk ranar da na sha sai kaina ya yi ciwo, hanci ya toshe, fuska ta yi zafi, in na kalli ƙwan lantarki in ga kamar an shafa masa shuɗi. Sha'awar kanta ba ta dawo ba, kasala tana nan, tumbi yana ƙaruwa. Kawai dai na samu abin rufe kunya.

Ranar da asiri ya tonu ina shago ne da hantsi, ana sauke kaya. Na ji wani nauyi ya danne mini ƙirji, numfashi yana sarƙewa, gumi ya jiƙe riga. Ɗan ƙanena, wanda ya karanta harhaɗa magunguna, shi aka kira ya kai ni asibiti. Aka auna jinina aka tarar ya hau sosai. Likitan ya ɗauko wata 'yar ƙwaya da ake sakawa a ƙarƙashin harshe, sai ya tsaya, ya sa yaron ya fita, ya matso kusa da ni ya ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, jiya ko yau ka sha wani maganin ƙarfin maza? Ko na gargajiya ne ka faɗa mini." Na ɗan yi jim, sannan na ce na sha zumar nan daren jiya. Ya mayar da ƙwayar cikin kwalbarta, ya ce da ya ba ni, jinina zai iya faɗuwa ƙasa warwas lokaci guda.

Daga baya ya yi mini bayani. Da yawa daga cikin irin waɗannan zuma da kofi ana cusa musu sildenafil ne, wato sinadarin da ke cikin Viagra, ko ɗan'uwansa tadalafil, ba tare da an rubuta a jiki ba, kuma ba wanda ya san adadin da aka zuba. Ciwon kai da toshewar hanci da ganin shuɗin nan duk alamominsa ne. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni da aka samu waɗannan sinadarai a zumar da suke sayarwa, NAFDAC ma ta sha yin irin wannan gargaɗi a nan gida. Shi kansa maganin ba guba ba ne in likita ya rubuta shi, amma ba ya haɗuwa da maganin ciwon ƙirji na ƙarƙashin harshe. Ɗan Kamaru kuwa ɗaga jini yake yi, ya sa zuciya gudu. Kanwa ita ma 'yar'uwar gishiri ce wajen hawan jini.

Alhamdu lillahi gwaji ya nuna ba bugun zuciya ba ne, amma likitan ya ce gargaɗi ne. Sauran sakamakon ne ya sanyaya mini jiki. Awon da ke nuna matsakaicin sukarin wata uku ya ɗan haura 6.5, wanda daga nan ake cewa mutum yana da ciwon sukari. Maiƙo ya yi yawa a jini, hoton ciki ya nuna kitse ya fara taruwa a hanta. Aka zagaya ƙuguna da tef, aka ce namiji in ya wuce santimita 94 ya fara shiga haɗari, in ya wuce 102 haɗarin ya yi yawa. Ni na wuce duka biyun.

Aka tura ni wajen wani likitan da ya ƙware a kan sinadaran jiki. Shi ne mutum na farko da ya saurari labarina tun daga tushe bai ce sanyi ba ne. Ya sa aka ɗebi jinina da sassafe kafin in ci komai, don sinadarin maza da ake kira testosteron da safe yake kaiwa ƙololuwa, kuma ya ce awo ɗaya ba ya isa, sai an maimaita wata rana. Duka biyun suka fito ƙasa da 300, wanda shi ne ma'aunin da likitoci da dama ke ɗauka a matsayin iyaka.

Bayanin da ya yi mini har yau ina tuna shi. Ya ce 'ya'yan maraina ne ke samar da sinadarin, bisa umarnin da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa. Kitsen tumbi kuwa ba ajiya ce kawai ba, yana juya wani ɓangare na sinadarin maza ya koma irin na mata, sai ƙwaƙwalwa ta rage aika umarni. In sinadarin ya ragu, tsoka ta ragu, kitse ya ƙaru, jiki ya daina jin insulin, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, sukari ya hau, sai sinadarin ya ƙara faɗuwa. Haka abin ke zagayawa. Ya ce kusan ɗaya cikin uku na mazan da ke da irin ciwon sukarina suna da ƙarancinsa. Rashin barci ma yana ciki: a 2011 masu bincike a Jami'ar Chikago sun sa wasu samari lafiyayyu barcin awa biyar kacal na mako guda, sinadarinsu ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Ya tambaye ni ko ina shan tiramadol, don shi ma yana kashe shi, na ce a'a.

Sai ya zo kan abin da ya fi tsorata ni. Ya ce jijiyoyin jinin gaban namiji sun fi na zuciya siranta. Kamar bututun ruwa ne a gida, ƙarami shi ke fara toshewa kafin babba. Don haka raunin da nake ta ɓoyewa yakan riga ciwon zuciya zuwa da 'yan shekaru, kuma shi ne saƙon farko da jiki ke aikowa. A nan na tuna mahaifina da zauren gidanmu. Na fita daga ofishin na zauna a mota na daɗe ban tayar ba.

Na tambaye shi allurar testosteron, don na ji ana yi. Bai hana ni ba, amma ya shimfiɗa mini komai. Ya ce in aka ba jiki sinadarin daga waje, maraina kan rage aiki, ƙwayoyin maniyyi su ragu, wani ma su ɗauke. Ni kuwa amarya ɗa ɗaya gare ta, tana fatan ƙari. Allurar kan sa jini ya yi kauri, dole a riƙa aunawa. Ya ce a 2023 an fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka kan maza sama da 5,000 masu haɗarin ciwon zuciya: maganin bai ƙara musu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, amma an ga ƙarin rikicewar bugawar zuciya da gudan jini a huhu. Ra'ayinsa shi ne nawa ƙarancin daga ƙiba da sukari ya taso, ba maraina ne suka lalace ba, don haka a fara da tushen. Na yi istihara, na zaɓi haka.

A daren na tara matana biyu a ɗakina na gaya musu komai. Wallahi ya fi mini tafiya asibitin wuya. Uwargida ta ce, "Haba Alhaji, shi ne ka bar mu muna zargin juna? Ciwo ai ba abin kunya ba ne." Daga ranar su suka karɓi ragamar abincina, kuma ban ga sun taɓa haɗa kai a kan wani abu kamar wannan ba.

Ni mutum ne da ya yarda da itatuwa, har gobe. Da su aka raine mu. Na ce wa likita ba zan iya rabuwa da su gaba ɗaya ba, ya ce shi ma bai ce in rabu ba. Ya gaya mini metformin ɗin da ya rubuta mini don sukari asalinsa daga binciken wani tsiro na Turai aka samo shi, bambancin kawai an san abin da ke ciki da adadin da za a sha. Ya ce in zauna da ɗan ƙanen nawa mu tantance abin da nake da shi. Na cire kunya na zazzage masa jakar a kan tabarma: ƙulle-ƙulle, robobi, kwalabe. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, duk wannan kai kaɗai?" Ya ware su gida biyu. Duk abin da aka niƙa aka haɗa ba a san me ke ciki ba, gefe guda. Abin da za ka iya gani da idonka ka kira sunansa, gefe guda. Ya kuma nuna mini wani ƙaramin rubutu a jikin wasu kwalabe masu lambar NAFDAC, inda aka ce hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka rubuta ba. Ashe irin wannan lambar ba shaida ba ce cewa maganin yana warkar da cututtukan da aka jera.

Wanda ya fi ba ni mamaki zoɓo ne, abin da muke shukawa a gefen gona ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Yaron ya ce yana cikin tsirran da aka fi gwadawa a kan hawan jini. A 2010 Jami'ar Tufts ta Amurka ta ba mutum 65 ko dai shayinsa ko wani abin sha mai kama da shi, kofi uku a rana na mako shida, lambar sama ta jinin masu shan zoɓon ta sauka da kusan maki 7. A Inugu ma an gwada shi a kan masu hawan jinin da bai yi tsanani ba. Amma zoɓon da ake nufi ba irin na biki ba ne da ake narka wa sukari. Nawa ana dafa shi da citta da ɗan kanumfari, a sha haka da tsaminsa. Kwanakin farko da ƙyar yake wucewa. Da yake ina shan ƙwayar hawan jini, sai da na sayi na'urar awo ina dubawa a gida, don kada su haɗu su saukar da shi fiye da kima.

Hulba ma na riƙe ta, cokali ƙarami a jiƙa da dare a sha da safe. Tana ɗan taimakawa wajen sukari, ko da yake sai ka jure warinta a gumi, har yaran shago suka gane. Masu talla suna cewa tana ɗaga sinadarin maza. Ɗan ƙanena ya ce gwaje-gwajen da aka yi ƙanana ne, kuma da yawansu masu sayar da ita ne suka biya kuɗin yin su, don haka kada in dogara da wannan. Tafarnuwa tana shiga miyata kullum, amma an hana ni haɗiyar ta da yawa ko shan ƙwayoyinta, saboda tana tsinka jini, ga kuma asfirin da aka ɗora ni a kai a lokacin. Habbatus sauda ina shan kaɗan, ina riƙe da hadisin da ya zo a Buhari da Muslim a kanta, kuma ban ga inda hadisin ya ce a ajiye maganin likita ba. Zogale na mayar da shi abinci, kwaɗo da ƙuli-ƙuli kaɗan ko a dambu. Girfa a shayi ɗan barbaɗe kawai, don irin wadda ta cika kasuwa in aka yawaita ta tana taɓa hanta, tawa kuwa da ma tana fama. Wani abokina ya kawo mini ashwaganda, wata saiwar magani ta Indiya, da ya saya ta intanet. Aka ce in bar ta, don an samu waɗanda ta lahanta wa hanta, har Denmak ta hana sayar da ita.

Ra'ayina bayan duk wannan shi ne itatuwan nan sun taimaki jinina da sukarina gwargwado, amma babu ɗaya a cikinsu da ya dawo mini da sinadarin maza kai tsaye. Abin da ya dawo da shi raguwar tumbi ne. Lemon kwalba ya fita daga shagona, in baƙo ya zo ruwa ne ko zoɓo. Shayi babu sukari, abin dariya ga mai sayar da sukari buhu-buhu. Tuwon dawa da na gero da wake suka dawo, malmala ɗaya, miya ta fi tuwo yawa. Aka rage gishiri da dunƙule, aka koma daddawa. Bayan sallar asuba ina tafiyar kusan rabin awa kafin rana ta yi zafi, in ana sauke kaya nakan sa hannu a ƙananan katan, don likita ya ce tsoka sai da ɗaukar nauyi. Majalisa bayan isha kaɗan nake taɓawa in tashi. Wannan ne ya fi ciwo, don abokai sun yi ta tsiya wai mata sun mallake ni. Da na fara ramewa kuma sai ƙananan maganganu suka tashi, wasu suna cewa karayar arziki ce, wasu suna tambaya a ɓoye ko wata cuta ce.

Ba a wata ɗaya aka ga sauyi ba. Barcin rana ne ya fara tafiya, sai fushi, sai na lura ina hawa bene ba na tsayawa. Sauran ya biyo baya a hankali. Da aka maimaita awo bayan watanni, sukari ya sauko ƙasa da iyakar nan, jini ya daidaita, testosteron ya tsallake 300. Ban koma ɗan shekara talatin ba, kuma akwai lokutan da likita da kansa yake rubuta mini maganin taimako, da adadinsa a rubuce, bayan ya tabbatar zuciyata za ta ɗauka. Amarya ta haihu bara. Har yanzu ina shan metformin da ƙwayar hawan jini da ƙwayar rage maiƙo, in azumi ya zo sai an sake tsara mini lokutan shan su.

Ƙannena maza duk na sa an auna su, aka samu ɗaya da hawan jini bai sani ba. Minshari ya ragu amma bai tafi ba, likita yana so a yi mini gwajin numfashin barci, ina ta haɗa kuɗinsa. Maganar allura kuma mun bar ta a buɗe, ya ce za mu sake dubawa idan awon baɗi ya nuna sinadarin ya koma ƙasa.